Amsar tambayar ɗan autanka

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Shirun ya yi yawa, Malam. Ba don ɗan autanka ya tsare ka da tambaya kan abin da ke cikin ƙasa ba, da har yau ban ga saƙonka ba!

Ka ce ka gaya masa cikin ƙasa duk narkakken dutse ne. Don Allah ka gyara, maganar nan ta tsaya mini a rai.

Cikin duniya hawa-hawa ne, kuma asalin abin zafi ne. Kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, duwatsun sararin sama suka yi ta karo suna haɗuwa, ga kuma zafin da sinadarai irin su yuraniyom ke fitarwa, har duniya ta narke. Ka san in an narka tama, ƙarfe yakan kwanta ƙasa, dattin ya taso sama. Haka ƙarfe da nikel suka nutse tsakiya, dutse mara nauyi ya taso ya daskare ya zama ɓawo. Amma ba nauyi kaɗai ya yi rabon ba. Yuraniyom ya fi ƙarfe nauyi, duk da haka ya taru a ɓawo, saboda da iskar oksijin yake haɗuwa ya shiga dutse. Zinariya kuwa ƙarfe ta bi, yawancinta tana can tsakiya. Kada autan naka ya ji, sai ya ɗauko diga.

Ɓawon bai wuce kilomita 5 zuwa 10 ba a ƙarƙashin teku, a ƙarƙashin tsaunukan Himalaya yakan kai 70. Daga nan sai mantil, har zurfin kilomita 2,900, kuma a nan ka kuskure: daskararren dutse ne, sai dai yana jan jiki 'yan santimita a shekara. Ƙarƙashinsa ne ruwan ƙarfe yake, wanda jujjuyawarsa ke haifar da maganaɗisun duniya. Daga kilomita 5,150 kuma ƙarfen ya sake daskarewa, alhali zafin ya haura digiri 5,000, domin nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa.

 

Yaron zai ce wa ya je ya gani. Babu kowa. Ramin Kola na Rasha, rami mafi zurfi da mutum ya haƙa, a kilomita 12 da 'yan kai ya tsaya. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin: motsinta iri biyu ne ke ratsa ciki, ɗaya ba ya keta ruwa, yana isa kilomita 2,900 sai ya ɓace, alamar ruwa ne a wurin. Da irin wannan awo Inge Lehmann, 'yar Denmak, ta gano daskararriyar cibiyar a 1936.

Ka karanta masa a hankali, in ya sake wata tambayar ka turo. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.