Wasiƙa zuwa ga Inna kan sunan takwararta

Galwe, ƙasar Ayilan

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Ya sanyi? An ce hunturun bana ya yi tsanani a Katsina, don Allah a riƙa ɗumama miki ruwan alwala kada ƙafar nan ta tashi. Mu nan lafiya lau muke, sai ruwan sama da ba ya gajiya da iska mai kaɗowa daga teku. Takwararki tana ta tsotso, cibiya ta faɗi tun kafin suna, ni ma jiki ya yi ƙwari. Ina wanka da ruwan zafi safe da yamma kamar yadda kika ce, ko da yake babu ganyen darbejiya a nan, kuma garin kunun kanwar da kika aiko ya iso lafiya. Hotunan taron suna ma mun gani. Allah ya saka wa Yaya da alheri da ya tsaya a kan ragon, ya biya duk wanda ya tako ƙafa ya zo.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon waya, don magana ce da nake so Auta ta karanta miki a tsanake. Labari ya iso mini cewa ran Kawu Babba bai yi daɗi ba da ya ji ana kiran yarinya Nula, har ya ce mun je ƙasar Turawa mun ɗauko wa jikarki sunan da ba a san asalinsa ba. Ban ga laifinsa ba, domin ba a yi masa bayani ba.

Sunan yanka dai naki ne, Inna. Shi babanta ya raɗa mata a kunne bayan kiran salla, shi aka yanka wa rago, shi ne kuma a farko a takardar haihuwarta. Dokar nan ita ce a yi wa jariri rajista kafin ya cika wata 3, kuma da muka je ofishin, ma'aikaciyar ta tambayi suna, ni shiru na yi, babanta ne ya faɗa. Bakina ba zai iya ba, kin sani. To kin ga dole a sakaya. Da a gida ne da tuni an ce Ummi ko Mami an wuce wurin, amma a danginmu kaɗai Ummi uku ne. Kuma yarinyar nan, in Allah ya raya ta, a nan za ta shiga makaranta. Na ga yadda malamai ke fama da sunayen yayyenta, kullum sai sun tsaya gyara wa mutane. Sai na ce tunda alkunya za a yi, bari mu neme ta a harshen ƙasar da aka haife ta.

Abin da mutanen gida ba su cika sani ba shi ne, 'yan ƙasar nan ba Ingilishi ba ne. Suna da harshensu na kaka da kakanni, Gelik, wanda bai yi kama da Turanci ko kaɗan ba. Ingila ta mulke su ɗaruruwan shekaru kafin su kafa ƙasarsu a 1922, kuma a tsawon wannan mulki harshen ya ja baya ƙwarai. Yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura, kuma yankunan masu jin Gelik ta fi yi wa ɓarna. A ƙidayar 2022, cikin mutum sama da miliyan 5, waɗanda ke magana da harshen kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba. Har sunayensu aka mayar na Turanci: mai suna Gráinne a rubuta ta Grace, mai suna Sorcha ta koma Sarah. Shi ya sa in ka ga ɗan Ayilan ya sa wa 'yarsa sunan gargajiya, yana sane da abin da yake yi.

Yawancin wannan daga bakin maƙwabciyarmu na ji shi, dattijuwar nan da na taɓa ba ki labari, wadda ta riƙe mini yara ranar da naƙuda ta tashi da dare. 'Yar Konemara ce, yammacin Galwe, inda har yau ake ciniki da gaisuwa da Gelik. Tun cikina yana wata bakwai take zuwa da saƙarta a hannu, ta zauna a kicin, tana faɗin suna ina rubutawa, ina sa yadda ake furtawa da Hausa a gefe, domin rubutunsu daban, furucinsu daban. Baƙaƙensu na asali 18 ne kawai, sai su haɗa biyu ko uku su ba da sauti ɗaya. Wanda aka rubuta Siobhán, Shibon ake cewa. Sadhbh kuwa, duk tarin baƙaƙen nan, Saib ne kurum. Babban yaronmu, da yake ana koya musu harshen a aji, shi ya zama alƙalinmu.

Da farko ta ce ai abin ya zo da sauƙi, domin suna da Éabha, wato sunan matar Annabi Adamu a harshensu, sunanki ke nan. Na yi kwana biyu ina juya shi a raina, daga baya na ce a'a. In na kira shi, sunanki na kira, riga kawai aka sauya masa. Sai da na daɗe ina yi mata bayanin alkunya kafin ta gane, kuma da ta gane sai ta yi shiru, ta ce su ma a da ana sa wa 'ya sunan kakarta, amma ba ta taɓa jin inda ake girmama suna har a ƙi furta shi ba.

Caoimhe ya yi mini, ma'anarsa mai taushin hali, amma Kwiba ake furtawa a nan, kuma na san yana isa Katsina yara za su mayar da shi ƙiba. Saoirse, wato Sirsha, 'yanci yake nufi, babanta ya so shi, ni na ga ya yi wa harshenki nauyi. Bríd kuwa tun farko muka ajiye. Sunan wata waliyyiyar Kirista ce da ake bikinta ranar 1 ga Fabrairu, kuma kafin ita sunan wata abar bautar mutanen da ne. Irin wannan mun kiyaye sosai, Inna. Duk sunan da ya saura a takarda sai da babanta ya kai wa limaminmu, shi kuma ya ce laƙabi in ma'anarsa mai kyau ce, kuma babu shirka a ciki, ba laifi.

Nula kuwa, Nuala ake rubutawa, gajeren Fionnuala ne, ma'anarsa mai farar kafaɗa. Ba ma'anar ce ta kama ni ba, tatsuniyar da ke bayansa ce, wadda kowane yaro a ƙasar nan ya sani.

Wai wani sarki ne mai suna Lir, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya huɗu, mace ɗaya maza uku. Ya sake aure, kishi ya kama amaryar ganin yadda uban ke son 'ya'yansa, sai ta kai su bakin tafki ta yi musu sihiri, suka zama wasu fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, sun ɗara dinya girma. Muryarsu ta mutane kawai ta bar musu. Shekara 900 aka yanka musu: 300 a wani tafki a tsakiyar ƙasa, 300 a tekun da ke tsakanin Ayilan da Sikotlan, 300 a wani tsibiri a yamma. Zaman tekun nan shi ya fi wuya. Sanyi yakan sa ƙafafunsu su manne da dutse, guguwa ta watsa su cikin dare. Fionnuala ce ke tsayawa a kan dutsen da suka yi alkawari tana jira har ƙannen su dawo ɗaya bayan ɗaya, ta sa ɗaya ƙarƙashin fiffiken dama, ɗaya na hagu, na ukun ta rufe shi da gashin ƙirjinta har gari ya waye.

Da dattijuwar ta kawo nan, hawaye suka zubo mini, ta tsorata ta ɗauka ciwo ne. Ke na tuna, Inna. Ba zan tono abin da ya wuce ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma ke da bakinki kika gaya mana kina 'yar shekara goma sha biyu kaka ta rasu ta bar ki da ƙanne maza uku, kuma lokacin hunturu zanenki ɗaya kike lulluɓa musu a zaure, ke ki kwana a takure a bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Kawu Ƙarami ya taɓa ce mini bai san ɗumin kowace uwa ba sai na bayanki. Ban taɓa jin sunan da ya faɗi halinki ba tare da ya ambace ki ba kamar wannan.

Tatsuniya ce, na sani, ba mu ɗauke ta gaskiya ba, kamar yadda ba wanda ya ɗauki Gizo da Ƙoƙi gaskiya. Amma tsuntsayen suna nan da ransu. A bakin ruwan Kilada, inda kogin Korib ya shiga teku, da yawansu suke zama. Shekaranjiya da rana ta ɗan leƙo, na naɗe yarinyar cikin rigar ulu da dattijuwar ta saƙa mata, muka taka har can. Ɗaya ta matso dab da mu, ta buɗe fiffike tana karkaɗe ruwa, faɗinsa ya kai in miƙa hannuwana biyu. Na ɗauki hoto, Auta za ta nuna miki.

Roƙona shi ne ki kira Kawu Babba ki sa a karanta masa wannan takarda a gabanki. In bayan ya ji har yanzu ransa bai kwanta ba, ya zaɓa mata laƙabin da yake so, ya riƙa kiranta da shi, za ta amsa. Ke kuma don Allah ki sa Auta ta ɗauki muryarki kina kiran Nula kina sa mata albarka, in riƙa kunna mata ta saba da muryarki kafin mu zo. Muna sa ran babbar salla in fasfonta ya fito.

Idan an sami mai tahowa, a haɗo mini da kuka da daddawa da ɗan yajin jego, nawa ya kusa ƙarewa. Babansu yana gaishe ki ƙwarai, yara ma suna gaida kakarsu. A gaida su Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam,
'Yarki