A Riƙa Tambayar Masu Hawan Jini Abin da Suke Ci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin likitoci da masu ba da magani kan abin da na gani a gidanmu.

Mahaifiyata ta shekara huɗu tana shan lisinopril saboda hawan jini, da simvastatin saboda yawan kitse a jini. Ba ta taɓa tsallake rana ba, amma duk lokacin da aka ɗaura mata abin awo a dantse sai a ga jinin bai sauka ba. An ce ta rage gishiri, ta kuwa rage, sai dai babu wanda ya yi mata maganar kanwa, alhali da kunun kanwa take karya kumallo, kuma ba ta kaɗa miyar kuɓewa sai ta jefa ɗan gutsure, ga dunƙulen magi a kai. Kanwa da magi duk cike suke da sodiyam, sinadarin da ake gudu a gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishirin a rana, wato kusan cokalin shayi guda.

Da muka gano haka, sai wata 'yar uwa ta kawo mata gishirin nan na kanti da ake cewa na masu hawan jini ne. Allah ya sa na nuna wa wani likita kafin ta fara, ya ce potasiyam ne a ciki, lisinopril kuwa yana riƙe potasiyam a jiki, idan sinadarin potasiyam ɗin ya yi yawa yana iya rikita bugun zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda. A nan ne ya gargaɗe mu game da lemun garehul (wani babban lemu mai ɗan ɗaci), wanda ke hana jiki sarrafa simvastatin, maganin ya taru har ya jawo ciwon tsoka. Ya ƙara da cewa zoɓo yana sauke jini, don haka wanda ya yawaita shan sa a kan magani jiri na iya ɗibar sa.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar cikin kwalin magani da Turanci take, kuma iyayenmu ba sa karanta ta. Ina roƙon duk mai rubuta magani ko miƙa shi ya tsaya ya tambayi majiyyaci da Hausa abin da ake zuba masa a tukunya, ya ambaci kanwa da magi da zoɓo da sunansu.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya