Amsa ga Mai Unguwa: wa zai cike ramin idan tifofi sun tafi?

Ranka ya daɗe,

Na ji tambayar da ka yi a taron masu unguwanni na bayan Garwa, a arewacin Kamaru. Wani ɗan kwangila ya zo da takarda yana son haƙar burji a filin da ke bayan gari, ya ce lamiɗo ya yarda, ya kuma yi alkawarin cike ramin idan ya gama. Ka ce shin wannan ya isa? Bai isa ba, kuma alkawarin cikewar ne ya fi damuna.

Mu fara da takardu. Yardar lamiɗo da ta jauro suna da nauyinsu, don babu mai aiki lafiya a ƙasar da masu ita ba su so, amma ba su ne izinin haƙa ba. Izinin yana fitowa ne ta hannun ma'aikatar ma'adinai, ƙarƙashin dokar ma'adinai ta Disamba 2023 wadda ta maye gurbin ta 2016. Sai takardar nazarin muhalli, wadda tushenta dokar 1996 ce: babban wurin haƙa mai injin fasa dutse da nakiya yana bukatar cikakken nazari, har da zama da mutanen gari, ƙarami kuwa gajeren bayani ne da ke bi ta ofishin magajin gari. Idan ya miƙo maka takarda, duba sunan wa ke kai, wane abu aka ba shi izinin ɗiba, yaushe wa'adin zai ƙare. Uwa uba taswirar filin. Ku fita da ita ku taka iyakar da ƙafa, a kafa turaku a kusurwoyi. Yawancin rigima daga nan take tashi: izini na kadada ɗaya, katafila ta ci uku.

Yanzu lissafi. Kadada ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, da aka haƙa zurfin mita 3 ta ba da mita-kubik 30,000. Tifa mai ɗaukar mita-kubik 10 sai ta yi sawu 3,000 kafin ta kwashe. To wanda zai cike ramin sai ya dawo da sawu 3,000 na ƙasa, kuma daga ina? Daga wani ramin da zai haƙa a wani gari. Shi ya sa duk wanda ya ce maka zai cike, ko dai bai yi lissafi ba, ko ya yi ya san ba za ka yi ba.

Abin da ake iya yi shi ne a gyara siffar wurin, kuma wannan aikin tun ranar farko yake farawa. Ƙasar sama, baƙar nan mai saiwoyi da irin ciyawa, kaurinta bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba. A kankare ta ita kaɗai, a tara ta gefe guda, tsibin kada ya wuce mita 2 don kada ta cikin ta mutu, a bar ciyawa ta rufe shi saboda ruwan Agusta. A kadada ɗaya wannan ƙasar ta kai mita-kubik 2,000, kuma direbobi na son sayar da ita ga masu lambu a cikin gari. Idan ta tafi, abin da zai rage shi ne irin fakon da Fulani ke kira harde, ko akuya ba ta tsayawa a kai.

Sai gaɓar ramin. Bango a tsaye shi ke rushewa, shi ke hana yaro ko saniya fitowa idan ruwa ya taru. A kwantar da shi: kowace mita ɗaya ta zurfi a ba ta mita 3 na gangare. Ramin mita 3 ke nan yana son mita 9 a kowane gefe, don haka kada a bari ya haƙa har bakin turaku, in ba haka ba gonar maƙwabci ce za ta biya. A ja lambatu ta saman gangaren don ruwa ya kewaye, a yayyaga ƙasan ramin da haƙoran katafila saboda tayoyi sun daddanne shi, sannan a mayar da ƙasar sama. Jema da gamba su riƙe gangare, bagaruwa da dakwara su biyo baya, a dasa a farkon damina, a kewaye da ƙaya. In gari na son kududdufin shayar da dabbobi, a faɗa tun yanzu, a bar masa mashiga mai sauƙi, nesa da gidaje saboda sauro.

Dabarar da ke aiki ita ce a raba filin kashi huɗu, a rubuta cewa ba zai buɗe na biyu ba sai ya gyara na farko. Tsohuwar dokar 2016 ta tanadi asusun gyaran wuraren haƙa, amma ranka ya daɗe kada ka jingina da shi. Katafilar da ke gabanka yau ta fi kusa. Yarjejeniyar ta zama a rubuce, da sa hannun magajin gari da wakilin ma'adinai, a haɗa da yayyafa wa hanya ruwa da rani da gyara ta bayan damina. Ku ɗauki hoton filin kafin a taɓa shi, kwafi ɗaya ya zauna a hannunka.

Allah ya ja zamaninka.