Jiƙa fim kafin wanki: kira ga samarin Yamai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'ya'yanmu na Yamai da suka koma ɗaukar hoto da fim na baƙi da fari. Raina ya yi fari da hakan, don a sana'ar nan na tsufa. Abin da ke damuna shi ne fim mai tsada da suke ɓatawa wajen jiƙa shi da ruwa kafin zuba maganin wanki, wato maganin da ke fito da hoton.

Fuskar fim jelatin ce, wani siririn shafi mai kama da danƙo. In ta sha ruwa sai ta kumbura, maganin da aka zuba kuma sai ya ture ruwan nan kafin ya kama aiki, don haka farkon wankin yakan yi nawa. Ruwa mai launi da ke fitowa kada ya tsorata kowa, rinin da ke hana haske dawowa ne, hoton na nan.

Kamfanin Ilford ya ce a wanke fim ɗinsa HP5 Plus cikin maganinsa ID-11 da ba a sirka ba minti 7 da rabi a digiri 20, kuma bai ba da shawarar jiƙawa ba. Kamfanin Jobo mai ƙera injin wanke fim kuwa ya ce a jiƙa minti 5, saboda injinsa juya tankin da fim ke ciki yake ba tsayawa, jiƙawar ce ke rage gaggawar aikin maganin. Yaro ya ɗauki lokacin Ilford ya haɗa da hanyar Jobo, fim ya fito ba yadda ya zata ba.

Ni ina jiƙawa, zafin garinmu ne dalilina. A watan Afrilu ruwan famfo da rana ya wuce digiri 30, tankin kansa da ɗumi. Ka zuba magani mai digiri 20 a ciki, nan take ya ɗumama, hoto ya yi duhu, ƙwayoyinsa su yi kauri. Sai in sa ƙanƙara a bokiti har ma'aunin zafi ya nuna 20, in jiƙa minti 5 cur. Tsomawar rabin minti ta fi rashin yi muni, domin wani wuri ya sha ruwa wani bai sha ba, sai dabbare-dabbare. Ruwan ɗauraya ma ya zama daidai da zafin maganin, in ba haka ba jelatin na iya yamutsewa.

Duk wanda zai jiƙa, ya gwada da fim ɗaya wanda ba na biki ko suna ba. In ya fito fayau, ya ƙara wa lokacin maganin kamar rabin minti, ya rubuta a littafi, ya riƙe wannan lokacin.

Naka,
Tsohon mai hoto, unguwar Bukoki, Yamai