Barka da Sallah daga Liyon

Assalamu alaikum. Baba, Inna, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina gaida Iya da Yaya da yaranta. Na san yanzu an baje raguna a kan itace, an kewaye wuta da su, hayaƙi ya rufe Maradi. Mu nan mun yi idi a wani zaure, kowa ya kama hanyar aiki. Kewar gida kam sai Allah.

Auta, matso kusa, sauran zancen naka ne. Nan Faransa kowace 21 ga Yuni suna bikin kiɗa a kan tituna, tun 1982 suke yin sa. A na bana na ga abin da ya tsayar da ni cak: kayan sauti a kan amalanke, kiɗa na tashi har ƙirji, amma babu gurup, wato janareta, babu wayar kuran. Faifan hasken rana ne a sama yana cika batir. Gefe kuma kekuna a kafe, an ɗage ƙafar baya, kowace tana juya ɗan injin da ke ba da wuta. Na hau ɗaya. Mutum guda in ya dage zai ba da wat 100 ko ƙasa da haka, shi ya sa ake karɓa-karɓa, yara da tsofaffi suna layi. Da masu tuƙi suka sassauta, sai na ga allurar ma'aunin wutar ta yi ƙasa, jama'a suka hau yi musu kirari.

Nan take na tuna bikin Yaya, da aka ɗauke wuta ana tsakiyar guɗa, ka yi ta yawon neman mai cikin dare. Ribar hayar kayan sautinka rabi a man gurup take ƙarewa, ga ƙara, ga hayaƙi. Su da rana ke yi musu rowa sun iya wannan, balle mu da take wuni a kanmu?

Na turo kuɗi ta hannun Kawu. Bayan na Inna, saura ka sayi faifai ɗaya da batir mai kyau, ka kai tsohon keken Baba wajen mai walda, in Baba ya yarda. A riƙa goge ƙurar faifan, a ajiye batir a inuwa, zafi na kashe shi. Ka fara gwada shi a bikin suna na unguwa, in ya yi, sai mu yi tunanin filin kokowa.

Inna, a ajiye mini soye, akwai mai tahowa bayan Sallah.

Ɗanku mai kewarku.