Wasiƙa Daga Sekondi: Mu Ma 'Yan Zango Da Teku Muke Ci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan garin da aka haife ni, wato Sekondi, wanda yake haɗe da Takoradi a gaɓar teku ta yammacin ƙasar Gana. Na san yawancin masu karatunka suna zaune nesa da teku, to amma 'yan'uwanmu na zanguna, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a garuruwan Gana, suna bin jaridar nan ta waya, kuma da su nake son in yi magana, tare da sarakunanmu da limamanmu.

Zamanmu a wannan gari ba na jiya ba ne. Layin dogo da Turawa suka fara daga Sekondi ya isa Tarkwa, garin zinariya, a 1901, ya kai Kumasi a 1903, sannan aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, a ƙarƙashin shirin da Gwamna Guggisberg ya tsara, ita ce kuma tashar farko a ƙasar da manyan jirage ke iya tsayawa a cikinta. Waɗannan ayyuka biyu su suka jawo mutane daga ko'ina, har da kakanninmu, waɗanda fataucin goro da aikin soja suka riga suka kawo su Salaga da Kumasi, daga nan suka gangaro bakin ruwa suna fawa, suna dako, suna ɗinki, suna karantar da yara. A lokacin yaƙin duniya na biyu ma, a Takoradi ake haɗa jiragen saman yaƙi da aka kawo cikin akwatuna, su tashi su bi ta Kano da Maiduguri su nufi Hartum da Alƙahira. Duk da wannan tarihi na fiye da shekara ɗari, har yau idan ana taro a kan teku ko a kan kasuwa, za ka ji ɗan Zango yana cewa, "Ai wannan maganar 'yan gari ce." Wannan kalma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Gaskiya ne ba mu ke shiga teku ba. Kwale-kwalen na Fanti ne da Ahanta da sauran masunta da suka gāji sana'ar kaka da kakanni. Amma duk mai shakkar cewa da teku muke ci, ya sauko tashar masunta ta Sekondi bayan sallar asuba a cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ya yi sanyi kifi ya taso. Kafin kwale-kwale na farko ya taɓa gaɓa, zai tarar da wata baiwar Allah ta unguwarmu ta riga ta kafa teburinta, tukunyar koko a naɗe da tsumma don kada ya huce, ƙosai na soyuwa a gefe, masuntan da suka kwana a kan ruwa suna miƙo kofi hannuwansu duk ɓawon kifi. Zai ga samarinmu suna tura amalanke cike da ƙanƙara, wasu suna ɗaukar daro a ka daga bakin ruwa zuwa inda matan banda ke jira. Zai ga mai itace yana sauke kaya kusa da murhunan banda, da direban da zai loda kwandunan kifin zuwa Kumasi da Techiman da Tamale. Idan rana ta yi, mai wake da shinkafa ta karɓi wurin, da yamma kuma mai tsire ya hura gawayinsa. Duk waɗannan kuɗin kifi suke jira. Ko ranar Talata, da al'ada ta hana masunta fita sai dai su zauna a inuwa suna ɗinke komarsu, mai kokon nan rabin abin da ta saba damawa take damawa, domin ta san cinikin ranar.

To, kifin yana raguwa, kuma ba sai masani ya faɗa ba. Ƙananan kifayen nan da ake bandawa, waɗanda su ne naman talaka daga bakin teku har iyakar Burkina Faso, a da lokacinsu idan ya zo har kyauta ake ba yara a roba. Yanzu kwale-kwale yakan ƙona mai ya yi nisa, ya dawo da abin da bai kai kuɗin man ba. Dalilan kuwa sanannu ne a wurin kowa. Kwale-kwale sun yi yawa a kan kifi kaɗan. Wasu suna kunna fitilu masu ƙarfi cikin ruwa da dare domin su tara kifi, wasu suna amfani da koma mai ƙananan ido da ba ta barin ko 'ya'yan kifi, akwai ma masu jefa nakiya ko zuba guba. Sama da duka akwai abin da ake kira saiko, inda manyan jiragen kamun kifi ke kwashe ƙananan kifayen da ba nasu ba ne a doka, su daskarar da su, su sayar wa wasu kwale-kwale a tsakiyar teku. Irin wannan ɓarna ce ta sa Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2021, karo na biyu ke nan. A ganina, mutumin da ya jefa nakiya a ruwa bai bambanta da wanda ya cinna wa rumbun gari wuta ba, kuma bai kamata mu riƙa sayen kifinsa muna kawar da kai ba don kawai ya fi araha.

Domin a ba kifi damar hayayyafa, gwamnati ta fara rufe teku ga masu kwale-kwale na wata guda a 2019, daga 2021 zuwa 2024 kuma aka tsayar da watan Yuli, manyan jirage kuwa wata biyu, kafin a ɗauke wa masu kwale-kwale wannan hani a 2025. Ban yi adawa da rufewar ba a lokacin, domin manomi ma yakan bar gona ta huta. Abin da ya dame ni shi ne abin da na gani a cikin unguwa. An raba wa masunta da matan banda shinkafa da man girki, kuma sun cancanta, tun da su suna da ƙungiyoyi, suna da sarkin masunta da suke kira Apofohene, matan kuma suna da shugabarsu, sunayensu a rubuce. Mai koko da ɗan dako da mai amalanke ba su cikin kowane littafi. Na san wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da ta sayar da babbar tukunyarta ta dama koko a mako na uku na irin wannan wata, aka buɗe teku ba ta da abin da za ta koma sana'a da shi, sai da matan unguwa suka haɗa mata. Ba wanda ya zalunce ta da gangan. Ba a san da ita ba ne, kuma ba a san da ita ba ne domin babu wanda ya je ya faɗa a inda ake rubutawa.

Haka maganar take a babbar kasuwar Takoradi, wadda kowa ya sani da Market Circle. An ƙaddamar da aikin sake gina ta a 2020, aka kwashe 'yan kasuwa zuwa wurin wucin gadi a 2021, da alƙawarin za su dawo cikin 'yan shekaru kaɗan. Sai ƙasar ta faɗa matsalar bashi, ta dakatar da biyan yawancin basussukan waje a watan Disamba na 2022, aikin ya tsaya cik tare da wasu ayyuka irinsa. Mahautanmu da masu albasa da masu hatsi da masu kayan yaji suna cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu, domin mai saye ya saba da wuri, idan ka gusa sai ya saya a wurin wanda ya tarar a bakin titi. Tambayar da nake yi wa shugabannin 'yan kasuwarmu ita ce: ranar da za a raba rumfuna a sabon ginin, sunayen mutanenmu nawa ne ke cikin jerin, kuma wa ke riƙe da takardun? Da yawa daga cikin iyayenmu mata sun gāji rumfa daga uwa ko kishiyar uwa ba tare da ko takarda ɗaya ba, sai shaidar maƙwabta. Idan ba a tattara wannan shaida tun yanzu ba, ranar rabo kuka ba zai yi amfani ba.

Ba zan yi adalci ba idan na tsaya a kan abin da aka yi mana ban faɗi abin da muke yi da hannunmu ba. Kwatar da ta ratsa bayan gidajenmu ba ta da wata mafita sai teku. Duk ledar ruwan sha da aka jefar, da robar lemo, da sharar da ake jira ruwan sama ya sauko a zuba masa, can suke tafiya. Na tsaya da kaina na ga an jawo koma a bakin gaɓa, maza wajen ashirin suna ja suna waƙa, da ta fito aka zazzage, leda ta fi kifi yawa, wani dattijo ya tsuguna yana tsince kifin ɗaya bayan ɗaya daga cikin shara. Na ji kunya ƙwarai, domin na gane wasu daga cikin ledojin irin na shagunan unguwarmu ne. Muna cewa tsafta cikon addini ce, muna alwala sau biyar a rana, ba daidai ba ne a ce maƙwabcinmu yana tsintar abincinsa daga cikin bolarmu. Sannan idan kwatar ta toshe a watan Yuni, ɗakunanmu ne ruwan ke fara shiga.

Akwai kuma maganar samari. Da aka gano mai a rijiyar Jubilee a 2007, aka fara haƙo shi a ƙarshen 2010, an yi ta kiran Takoradi birnin mai, kuɗin hayar ɗaki ya tashi, amma aikin da ya zo na masu takardar sana'a ne. Tashar jiragen ruwa tana nan tana fitar da koko da manganis na Nsuta da ma'adinin boksait na Awaso, an kuma faɗaɗa ta, sai dai injuna sun karɓe yawancin dakon da kakanninmu suka yi da ƙarfin ƙirji. Mai walda da mai gyaran lantarki da mai tuƙa ƙugiyar ɗaukar kaya su ake nema. Yaronmu da ya bar makaranta a aji na tara yana kallon jiragen nan kullum, kuma abin da yake raya masa a zuci shi ne ya ɓuya a cikin ɗaya ya tafi Turai, ko ya bi ta hamada zuwa Libiya. Kowace unguwa a nan ta san gidan da ake jiran labarin ɗa har yau. Jami'ar koyon fasaha tana cikin Takoradi, makarantun koyon sana'a suna nan, tun 2017 kuma aka kafa asusun raya zanguna da doka. Ya kamata mu tambayi kanmu yara nawa muka kai da hannunmu muka tsaya musu har suka gama.

Don haka ina kira ga Sarkin Zango da majalisarsa, a Sekondi da Takoradi da Kwesimintsim da Effiakuma, da su sa a rubuta sunan duk wanda abincinsa ya rataya a kan bakin ruwa ko kasuwa, mace da namiji, da sana'arsa da inda yake zama, a ajiye littafin a hannun mutum amintacce. Su naɗa mutum biyu ko uku masu jin Fanti da Turanci, waɗanda za su riƙa halartar zaman masunta da na majalisar birni, ko an gayyace su ko sun nemi izini da kansu, domin sarkin masunta maƙwabcinmu ne, 'ya'yanmu da nasa aji ɗaya suke zama, ban kuma taɓa jin ya kori wanda ya zo da ladabi ba. Iyayenmu mata sun iya adashi tun kafin a san banki. A ware wani zubi na musamman da ba za a kwasa ba sai lokacin da teku ta yi rowa, ko an rufe ta da doka ko ba a rufe ba. Malamanmu kuma, Allah ya ƙara musu lafiya, su ba wannan magana huɗuba guda cikakkiya, su ambaci kwata da leda da kifin nakiya da sunansu, domin mutanenmu suna jin maganar mumbari fiye da ta kowace hukuma.

Ni da wasu maƙwabta shida mun yanke shawarar fara yashe kwatar layinmu kowace Asabar ta farkon wata bayan sallar asuba, daga bakin masallaci har inda ta haɗu da babbar magudana. Muna da shebur huɗu da baro ɗaya, muna neman ƙarin baro da buhuna, da matasan da za su taya mu kai sharar inda mota ke ɗauka. Mun kuma aika wa sarkin masunta na yankinmu cewa muna son mu zo gaisuwa ranar Talata, tun da ranar ce suke gida.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya taimaki jarida da masu karatunta.

Wassalam,
Naka mai karatu,
daga Zangon Sekondi, Gana.