Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: A Dakatar Da Yanka Filaye A Hanyar Ruwa

Mai girma Shugaba, assalamu alaikum.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Na rubuto wa ofishinka kan wannan magana, na kuma zo da ƙafata na zauna a bencin jira har aka tashi daga aiki ban samu ganinka ba. Shi ya sa na fito da ita fili. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Maganar kwarin bayan gari ce. Ka san shi, domin ba baƙo ba ne kai a garin nan. Duk ruwan da ya sauka a unguwannin tudu ta nan yake gangarawa ya faɗa rafi. A taswirar tsarin gari, wadda majalisarka ta gada ba ta kuma soke ba, an keɓe wannan kwari da gefensa biyu a matsayin hanyar ruwa, an rubuta ƙarara cewa ba a gini a cikinsa. Yau idan ka bi ta wurin, turakun siminti za ka gani jere reras tun daga bakin kwalbati har gindin manyan itatuwan nan na ƙarshe. An yanka shi fuloti-fuloti. Dillalai na zaune a inuwa da takardu a hammata suna kiran masu wucewa. Wasu sun tona harsashi, wasu sun kai linta, motocin yashi na ta juyewa a tsakiyar inda ruwa ke bi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na riƙe ɗaya daga cikin takardun da hannuna, na ga hatimin sashen filaye na ƙaramar hukumarka a jiki.

Ranka ya daɗe, ka tuna taron da ka kira kafin zaɓe? Kai da kanka ka sa aka liƙa taswirar a bango, ka ɗora yatsa a kan kwarin, ka yi mana alkawarin cewa muddin kana kan kujera ba wanda zai dasa bulo ɗaya a wurin. Ka kuma yi alkawarin duk canjin da za a yi wa tsarin gari sai an kafe sanarwa an saurari mutanen unguwa tukuna. Ina wurin, a sahu na biyu. Dattawan da suka tafa maka a ranar suna nan da ransu. Ba a kafe sanarwa ba, ba a kira kowa ba. Da gari ya waye sai muka ga masu awo da igiya.

Na san za a ce maka ai wurin busasshe ne, watanni da yawa ko ɗigon ruwa babu a ciki. Haka hanyar ruwa take: aikinta na kwanaki kaɗan ne a shekara, amma a waɗannan kwanakin rayuwar gari gaba ɗaya a kanta ta rataya. Lissafin kuma ba ya buƙatar injiniya. Ruwan sama milimita 1 idan ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, a ruwan dare guda mai milimita 50, zai zubo da lita 5,000. Ka lissafa da gidaje 200: lita miliyan 1 daga rufi kaɗai, ban da tsakar gidan da aka shafe da siminti, ban da titi. Lokacin da tudun nan yake gonaki da ciyayi, ƙasa ce ke shanye mafi yawan wannan ruwa, saura kuma ya gangaro a hankali. Yanzu da aka gine shi, kusan duka yake tahowa, kuma a lokaci ɗaya. Wato a daidai lokacin da kwarin ke buƙatar ƙarin faɗi, a lokacin ne aka sayar da shi. Kowane mai fuloti kuma zai cike nasa da ƙasa ya ɗaga dandamali ya zagaye da katanga, don ya kare kansa. Ruwan da ya kora ba ɓacewa zai yi ba, gidan maƙwabcinsa na ƙasa zai nufa.

Ba hasashe nake yi ba, Shugaba. Damina da ta wuce, katanga uku kacal aka yi a bakin kwalbatin, sai ga ruwa a layinmu inda ba mu taɓa ganinsa ba tun da na tare. Cikin dare na farka na sauko da ƙafata daga gado, na ji ta cikin ruwa mai sanyi har idon sawu. Wutar lantarki ta ɗauke. Da fitilar waya muka ɗora yara a kan tebur, uwarsu na riƙe da jaririn a kafaɗa tana ta salati, ni kuma ina kwasar ruwa da bokiti ina zubarwa ta taga, yana sake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shaddar maƙwabcina ta cika ta tumbatsa, ta haɗe da ruwan da ke tsakar gidajenmu. Da safe na ga littattafan makarantar ɗiyata sun kumbura sun manne da juna, tana ƙoƙarin ɓamɓare su shafi-shafi tana shanyawa a kan katanga, ba ta ce da kowa komai ba. Har yau akwai layin laka a bangon ɗakina, na ƙi shafe shi da fenti don in nuna wa duk jami'in da ya ga dama ya zo. Wannan aikin katanga uku ne. Yanzu kwarin gaba ɗaya ake ginewa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Akwai wani ƙaramin gari a gaɓar teku a Ingila mai suna Lynmouth. Can ma an taɓa matse kogin da ya ratsa garin, aka tura shi ta cikin kwalbati don a samu filin gina wuraren kasuwanci. A daren 15 ga Agusta 1952 aka tafka ruwa kimanin milimita 229 cikin awa 24 a kan tuddan da ke bayan garin. Duwatsu da itatuwa suka toshe kwalbatin, kogin ya fasa ya bi ta tsakiyar gari. Mutum 34 suka rasu a wannan ambaliya, gine-gine fiye da 100 suka rushe ko suka lalace. Da aka zo sake gina garin, sai da aka faɗaɗa wa kogin hanyarsa. A Amurka kuma, a garin Rapid City da ke jihar Dakota ta Kudu, ambaliyar watan Yuni 1972 ta kashe mutum 238, da yawansu a gidajen da ke bakin rafi, cikin dare. Bayan an binne gawawwaki, hukumar garin ta hana sake gina gidajen kwana a hanyar ruwan, ta sayi filayen daga hannun masu su, ta mayar da su wuraren shaƙatawa da filayen wasa. Abin da suka saya da rayuka da dukiya mai yawa, mu muna da shi a kyauta, an zana mana a taswira tun kafin ka hau mulki. Shi ake rabarwa yanzu.

Kada kuma a ɗora laifin a kan waɗanda suka saya. Na san wasunsu. Akwai malamin firamare da ya yi shekaru yana tara abin da ya rage a albashinsa, akwai bazawara da ta sayar da gadonta don ta raba 'ya'yanta da gidan haya. Sun ga araha, sun ga hatimin hukuma, sun amince. Mai hali ba ya sayen kwari, tudu yake nema. Mun kuma san yadda irin wannan labari ke ƙarewa: a bar mutum ya gama gini ya tare, bayan shekaru wata gwamnati ta zo ta shafa masa jan fenti a bango, ta turo motar rusau, a ce ya yi gini ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya sa hannu a takardar yana gidansa lafiya lau, dillali ya daɗe da cinye la'adarsa. Wannan zalunci ne sau biyu a kan mutum ɗaya, kuma yau ne kake da ikon hana na farkon don kada a kai ga na biyun.

Ban ƙi gari ya bunƙasa ba, kada a juya mini magana. 'Ya'yanmu na girma, suna aure, suna buƙatar muhalli, haya kuma ta yi wa talaka nauyi. Na kuma san ƙaramar hukuma na neman kuɗin shiga, filaye kuwa su ne abin da ya fi saurin kawo su. To amma ga fili nan shimfiɗe a tudun arewa, wanda taswirar ta ware domin gidaje, shekara da shekaru ba a fitar masa da hanya ko ɗaya ba. Da an shata tituna a can an kafa turaku, da ba wanda zai kalli kwari. Tun ran gini tun ran zane. Birnin New York a 1811 ya zana manyan tituna 12 da na gicciye 155 a kan gonaki da duwatsu, lokacin da mutanen birnin ke cunkushe a ƙarshen kudancin tsibirin Manhattan, kuma a kan wannan zanen ake tafiya har yau. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UN-Habitat, tana ba da shawarar a bar aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar sabuwar unguwa domin tituna. Ka auna wannan da lungunan da ake fitarwa a kwarin, waɗanda mota biyu ba za su gifta juna ba, balle motar kashe gobara ta juya.

Akwai sauran abubuwa. An fara gutsurar filin da aka ajiye wa makarantar sakandare ta gefen yamma. Ana raba fuloti ɗaya gida biyu, ƙafa 50 sau 50, wato wajen mita 15 kowane gefe, alhali ma'aikatan lafiya suna so a bar tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya. Ta ina za ta fito? An kuma bar injin yankan katako a tsakiyar gidajen kwana. Duk za su iya jiran wata wasiƙar. Kwarin ne ba zai jira ba.

Don girman Allah, Shugaba, ka zo ka gani da idonka. Kada ka aiko wakili, kada ka tsaya ga rahoton waɗanda suka sa hannu a takardun, domin ba za su kawo maka ƙarar kansu ba. Ka zo ka tsaya a kan kwalbatin, ka dubi inda ruwa ya bar shara a rassan itatuwa bara, sannan ka dubi inda ake zuba kankare bana. Idan da saninka aka yi, ka ji tsoron ranar da za a tashe ka cikin dare a ce gini ya faɗa wa yara. Idan kuma a bayan idonka aka yi, to ka nuna mana hakan a aikace.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin ofishinka ba. Ka ba da umarni a rubuce a tsayar da duk wani gini da ciniki a kwarin daga yau, a kuma sanar ta rediyo don kada wani ya sake zuba kuɗinsa. A kafe taswirar gari a ƙofar sakatariya inda kowa zai gani, tare da jerin fulotan da aka fitar a wurin da ofishin da ya amince da su. Waɗanda suka saya da gaskiya a musanya musu da filaye a tudun arewa, a biya su abin da suka kashe, tun ginin bai wuce harsashi da 'yan layukan bulo ba. Kowane mako da aka ƙara, diyyar ƙaruwa take yi. A rushe katangu ukun nan da suka toshe bakin kwalbati, a yashe shi kafin ruwan farko. Jami'in da ya buga hatimi a kan hanyar ruwa kuma ya zo gaban majalisa ya yi bayani a bainar jama'a.

Mu mazauna layukan ƙasa mun tattara sa hannunmu da hotunan ɓarnar bara, za mu kawo su zaman majalisa mai zuwa, muna roƙon a sa maganar a jadawalin ranar. Hadari ya fara haɗuwa da yamma a gabas, jiya ma na ga maƙwabcina yana cika buhuna da yashi yana jerawa a ƙofar gidansa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin layin bakin kwalbati